Fuskar Yaya Bukar da Aka Share wa Tsaga

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Bukar makwancinsa. Allah Ya jiƙan sa. Kowace shekara nakan yi masa addu'a in ja bakina. Bana na kasa, kuma zan faɗi dalili bi da bi, don ba na son magana a cukurkuɗe.

Da farko, ga wanda bai san shi ba. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma mai hoto ne a wani ɗan shago kusa da Ƙofar Ɗan Agundi. Maniyyata aikin hajji, 'yan makaranta, angwaye, duk sun zauna a kujerarsa. Dokarsa ɗaya ce: ba ya gyara fuska. In mutum ya ce a ɗan haska shi, sai ya ce, "Alhaji, ni ɗauka nake yi, ba halitta ba." Wasu sun yi fushi sun koma wani shagon. Bai bi su ba.

Sai kuma abin da ya faru. Bayan rasuwarsa ruwan damina ya shiga shagon ya lalata komai, hotonsa ɗaya tak ya rage a gida. Shi ma ya dushe, gara ta ci gefensa. Bana ɗansa Mustafa ya ji labarin manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira da ake ta yayatawa, wadda ke sabunta tsohon hoto. Ya kai wa masu wannan aiki, aka buga sabo, aka sa a firam. Tsohon hoton kuwa ya baro musu, suka haɗa shi da shara.

Mu Barebari ne. Kakanmu daga Borno ya zo ya zauna a Gwammaja, kuma Yaya yana da tsagar gidanmu a goshi da kumatu. Manhajar ta ɗauka karcewar takarda ce, ta share ta tas. Ta haska fatarsa, ta cike masa giɓin haƙori. Gyaran gangar Auzinawa.

Ina zaune aka kawo wa matar Yaya, Hajiya Falmata, sabon hoton. Ta daɗe tana kallo.

"Mustafa, wannan baƙon fa?"

"Baba ne mana, Hajiya. Ai ya fi kyau haka."

"To mayar wa masu shi. Ni ba wannan na aura ba."

Ba na'urar nake jin haushi ba. Na'ura ba ta san Borno ba, ba ta san wanzami ba. Mustafa ya sani. A gaban fuskar nan ya girma, ita ta yi masa faɗa, ita ta raka shi makaranta, amma ya duba bai ga an rasa komai ba. Dangi kuma suna ta tura hoton a waya suna "Masha Allah". Yanzu har hotunan mutanen da ba a taɓa haifa ba ake yi, ana yi musu tafi. Da Yaya zai dawo, ina jin lulluɓe kyamararsa zai yi ya koma gida. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. To in fuskar ta aro ce, wa za a tambaya?

A ƙarshe, me ya saura? A gidaje da yawa cikin birnin nan akwai tsofaffi a bango da kamanninsu na gaskiya, albarkacin taurin kansa. Wannan ba ƙaramin gado ba ne. Amma shi nasa babu. Firam ɗin yana rataye a falon Mustafa, jikoki suna tasowa suna nuna baƙo suna cewa Kaka.

Ni kaɗai na rage a gidanmu mai wannan tsaga, kuma tsufa ya kama ni. Na ce wa Mustafa ya kawo yaran su zauna su kalle ni da kyau, in nuna musu inda ta kakansu take, tun ina da rai. Ya ce to, Baffa, in an yi hutu.

An yi hutun, an koma.