Kular Kawu a Kan Inji Na Huɗu

Shekara ashirin da uku kawuna ya yi a gaban inji ɗaya, har mutanen masana'antar suka manta sunansa suka koma kiransa Lamba Huɗu. Hannun ƙofar firji injin yake bugawa. Kawu bai taɓa ganin inda ake haɗa firjin ba, can wata ƙasa ce a bayan teku, amma in ka ji yana cika baki sai ka rantse shi ya ƙirƙiro sanyi.

Abu biyu aka san shi da su, taurin kai da ci. Kullum da safe matarsa, wadda muke kira Inna, takan cika masa wata ƙatuwar kula ta ƙarfe mai hawa uku. Da ya isa sai ya ɗora ta kan murfin injin ta baya, inda ɗumi yake, ya lulluɓe da tsumma, sai an tashi aiki ya zauna ya yi mata kaca-kaca. Ajiye abinci a kan inji laifin kora ne, ga shi nan a bango da jan fenti. Kawu ya ce kularsa ta girmi fentin.

Bara aka zo aka manna wa kowane inji wasu 'yan na'urori kamar maɓallan riga. Da inji ya yi tari, sai labari ya isa babban ofis da masu firjin kafin na kusa da shi ya juyo. Bayan wata uku manaja ya kira Kawu, ya juyo masa da allon kwamfuta.

"Baba, dubi nan. Kwana sha ɗaya injinka ya yi ta karkarwa, kayan suka fito a karkace. Sau biyu masu firji suna tsayar da aiki saboda mu. Sun ce in ba a gano dalili ba nan da mako guda, a cire injin. In an cire shi kuma, ka san sauran."

Kawu ya sa tabarau ya bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya, sai ya gane su. Ga ranar da ya ce gishiri ya yi yawa. Ga ranar da ya ce ƙanwar Inna ta cika surutu. Ga kwana uku a jere, lokacin da ya ara wa maƙwabci dutsen gugar Inna bai tambaye ta ba. Inna ba ta iya faɗa da baki ba. In ranta ya ɓaci, kula take ragewa. Notin murfin injin kuwa ya karye tun da daɗewa, nauyin abinci ne kawai yake danne shi.

In ya faɗa, kora. In ya yi shiru, kora. Ni ya samu da maganar, ni kuwa na yi dariya har ya ɗaga takalmi.

Sai ya yanke shawarar lallaɓa Inna na mako guda. Ya yabi miya, ya yabi shara, ya yabi labulen da ya shekara tara a rataye. Inna ta ajiye ludayi ta dube shi. "Maigida, me ka aikata?" Washegari hawa ɗaya ta cika.

Ya ce to, dabara ba ta ƙare ba. Ya cusa sifana huɗu, ƙarafan kwance noti, a hawan ƙasa na kular don ƙarin nauyi, injin ya yi lakwas. Da yamma ya cire su, bai wanke ba. Inna ta buɗe kularta ta tarar da baƙin mai. Ranar ƙarshe ta wa'adi Kawu ya fita hannu rabbana.

Ƙarfe tara injin ya fara rawa kamar mai zazzaɓi. Kawu ya duba dama, ya duba hagu, ya tattare wando ya haye kan murfin ya zauna. A haka manaja ya same shi, yana tafe da waya a hannu, wata injiniya daga babban ofis tana ta ihun murna a ciki wai tunda aka sa na'urorin injin bai taɓa natsuwa haka ba, me aka yi masa? Manaja ya juya mata wayar. Ta ga dattijo mai furfura a saman inji, ƙafafu na lilo, yana ɗan ɗaga ɗuwawu saboda zafi.

Nan ya zayyana komai, har da maganar gishiri. Aka ce matar ta yi dariya har ta ɓace daga allon. Minti biyar mai walda ya yi ya gyara murfin. Ba a kore shi ba, manaja ya ce ba zai iya rubuta dalilin a takarda ba. Ya dai buga masa jerin kwanakin ya ce ya kai gida.

Ina nan ya shigo yana washe baki, ya miƙa wa Inna takardar, yana ba ta labarin yadda ya tsayar da ƙasashe biyu. Ta karanta a hankali, ba ta yi dariya ba.

"Wato mutanen bayan teku sun san ranar da raina ya ɓaci," in ji ta. "Kai da kake ɗaukar kular da hannunka fa?"

"Ai ina jin ba nauyi," ya ce.

"Shekara ashirin da uku kana ji. Ka taɓa tambaya?"

Wallahi tausayinsu ya kama ni su biyun. Kawu ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya ɗora yatsa a kan rana ta farko.

"To, wannan. Me na yi?"

"Gyara zama," in ji Inna. "Ba daga nan aka fara ba."