Na Mayar Da 'Yata Daktora Kafin Lokacinta

A wancan lokacin ni matar gida ce a Madain Fahd, nan Jidda. Karatuna ya tsaya a sakandare, don haka duk burina na ɗora shi a kan 'yata ta fari, wadda tun tana ƙarama take cewa likita za ta zama. Ta yi shekarar share fage ta kimiyya a wata jami'a a Najeriya, amma gurbin likitanci bai samu ba, aka ce ta sake nema baɗi. Sai ta dawo gida da shekara guda a hannu.

Ita ta san abin da take so. Akwai wani ƙaramin asibiti a unguwarmu da wata likita ta yarda ta riƙa zuwa tana kallon aiki. Ni ce na hana. Na ce ban yarda budurwa ta wuni cikin maza ba, ta zauna ta karanta littattafanta a ɗaki. Mahaifinta ya ce in bar ta ta je, na yi ta kuka har ya ce halas, in yi yadda nake so.

Wanda ya zauna Jidda ya san 'yan'uwanmu da suka zo umara suka zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama. Asibiti tsoro yake ba su, gani suke daga can sai motar hukuma ta kwashe su. Da suka ji 'yata ta dawo daga jami'a, sai suka fara sallama da yamma, wannan ciwon kai, wannan ƙafa ta kumbura. Tana ce musu ita fa ko allura ba ta taɓa riƙewa ba, ni kuma ina harararta, ina cewa taimakon bayin Allah lada ne. Gaskiya har da daɗin da nake ji in an kira ni uwar daktora.

Akwai wata baiwar Allah daga unguwar Mahjar mai kawo mana turaren wuta, ita ma ba ta da iƙama, mai barkwanci ce, kullum tana tsokanar 'yata wai in ta zama likita ita za a fara yi wa aiki kyauta. Wata rana ta zo jiki zafi rau, tana cewa ƙasusuwanta kamar ana sara. 'Yata ta ja ni kicin, ta ce Umma wannan ta wuce mu, a kai ta asibiti. Na ce so take a kama matar mutane? Na ɗauko asfirin a kwaba na danƙa mata, na ce ta ba ta da hannunta, ai sun fi yarda da ita. Ta ba ta.

Bayan 'yan kwanaki aka aiko mana cewa jini na fita ta hancinta da dasashinta. Ashe zazzaɓin sauron nan ne da Larabawa ke kira danki, wanda asfirin ke tsinka wa mai shi jini. Maigidana ya ɗauke ta a mota, ni da 'yata muna baya muna riƙe da ita, ina ta salati. Da likita ya tambayi wa ya ba ta maganin, kafin in buɗe baki 'yata ta ce ita ce. Ni kuwa na yi shiru. Wannan shirun har yau yana ci na.

Allah Ya tashi kafaɗun matar, amma zancen takardunta ya fito, aka mayar da ita ƙasarta. Da lokacin neman gurbi ya zo, 'yata ta ce ba za ta nema ba. Na roƙa, na ce laifina ne, ta ce ta sani Umma, amma hannunta ne ya miƙa. Yanzu malamar makaranta ce, tana da rufin asiri, kuma ba ta taɓa yi min gori ba.

Iyaye 'yan'uwana, in ɗanku ya samu irin wannan shekarar, ku bar shi ya je inda masu ilimin suke, ya tsaya a bayansu yana kallo. Kada ku ɗora masa sunan da bai kai ba don a yabe ku. Na ji tsoron abin da mutane za su ce in ta fita, ban ji tsoron abin da zai faru a falona ba.