Katunan Malam Saiwa

Ƙanin mijina, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Malam Saiwa, sau ɗaya na san an kayar da shi a gardama, kuma mai aski ne ya samu wannan ladan. Ana tsakiyar aski ya fara karantar da mutumin cewa reza ba kalmarmu ba ce, almakashi ma baƙo ne, wai abin kunya ne ka shekara ashirin riƙe da kayan da ba ka san inda sunansu ya fito ba. Mai aski ya ninke rezarsa, ya kwance masa ƙyallen wuya, ya ce to asalin kalmar ya ƙarasa masa. Haka Malam ya shiga aji da rabin kai, hula har kunne. Kwana uku ina kiransa gonar gado, rabi an nome, rabi ana shari'a.

Bai yi hankali ba. Shi dai a duniya ba ya ganin kalma ya ƙyale ta da kayanta a jiki. Sai ya tuɓe ta a allo, ya ware kai, ya ware gindi, ya nuna wa yara saiwar. Daga buɗe a samu mabuɗi, daga duba a samu madubi. Ya ce wanda ya riƙe saiwa ɗaya ya riƙe kalma goma, mai hadda kuwa ruwa yake ɗiba da kwando. Kowace kalma tana da katinta, wanda yake yankawa daga kwalin sabulu ko na magani, ya rubuta asalinta da danginta da jan biro. Matarsa ta sha tarar da sabulunta tsirara a bayan gida. Shekara talatin yana tara su a wani ɗan ɗaki bayan ofishin makaranta, har suka kai rufi. Bai haifa ba, bai gina ba. Katunan nan su ne 'ya'yan, su ne gidan.

Gaskiya yaransa sun iya magana. Amma mai tonon saiwa ba ya tsayawa a gonarsa. Yadda yake tone kalma, haka yake tone mutum. Akwai yaron da mahaifiyarsa ke sharar makarantar. Duk ranar da za a koyi yadda ake cire sunan mai sana'a daga aikinsa, shi ake tayarwa ya faɗa wa aji abin da uwarsa ke yi, ana dariya, ita kuwa tana bakin taga da tsintsiya, tana ji. Na ce masa, mijina na wasa, ka ji tsoron ɗan da ba ya kuka. Ya ce misali ne kawai.

Misalin ya girma, ya yi karatu, ya dawo shugaban makarantar da tumbi da gilashi. Uwar ta riga ta rasu. Bai taɓa ɗaga wa Malam murya ba. Ya dai rage masa azuzuwa ɗaya bayan ɗaya, ya ba shi kujerar da ƙafarta ke rawa, sannan ya sanar cewa ana bukatar ɗan ɗakin nan, ranar Asabar za a ƙone abin da ke ciki.

A taron malamai aka yi ta, mai gadi ya kawo mini labarin da zafinsa. Malam ya roƙa, abin da ban taɓa jin ya yi ba. Ya ce a ba shi wata guda ya nemi wurin ajiya, don ɗakin hayarsa ko akuya sai ta fita da baya. Shugaba ya bar shi a tsaye yana ta bayani, sannan ya ɗauki kati ɗaya da yatsa biyu, ya ɗaga wa jama'a.

"Malam, wannan ai shara ce."

Amsar da Malam ya bayar ta ci masa aiki, don kafin wata ya mutu an sallame shi. Katunan kuwa suna nan a kulle, gara na ci, shugaba ya kasa ƙyasta musu ashana, ya kuma ƙi ba Malam mabuɗin. A wurin taron dai, Malam ya gyara hula, ya dubi taga, ya ce:

"Shekara ashirin mahaifiyarka tana share ɗakin nan, ɗana, ba ta taɓa zubar da ko ɗaya ba. Ta kuwa fi ka sanin shara."