Famfon Motar Makara

Malam Kailani mai rewaya ɗan Tudun Wada ne gaba da baya. A nan aka yanke masa cibiya, a nan kuma ya koyi aikin wayar mota a hannun Baba Sharfaddeen, tsohon bakaniken da ke da rumfa a bayan masallacin unguwarmu. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana shiga ƙarƙashin motocin mutane. Dogo ne siriri, ba ya son surutu, yatsunsa sun yi baƙi har sabulu ya haƙura da su. Idan yana sauraron inji yakan rufe ido ya karkatar da kai, kamar mai jiran a kira sunansa daga nesa. Tun muna samari na san shi, kuma abin da aka yi masa har yau yana ci mini rai.

Unguwarmu tana da a-kori-kura guda ɗaya, tsohuwa mai shan dizal, wadda wani bawan Allah ya bayar sadaka domin ɗaukar gawa. Tun da maƙabartar kusa ta cika, sai an ratsa mahaɗar Kwangila mai cunkoso kafin a isa sabuwar, tafiyar da ta fi ƙarfin kafaɗa. Motar tana hannun kwamitin masallaci. Shugaban kwamitin shi ne Alhaji Nagoda mai sayar da yadi, mutumin da ke son kowane tsari ya fito daga bakinsa.

Ciwon motar ɗaya ne. Famfon da ke jawo mai daga tanki zuwa inji ya gaji, ga kuma dizal ɗin bakin titi, wanda ruwa da datti ba sa rabuwa da shi. Ana cikin tafiya sai ta sha iska, ta yi tari biyu, ta mutu. Direbanta Zulkiflu ya fito ya buɗe bonet ya yi ta danna famfon da hannu, masu rakiya suna tsaye suna salati.

Ranar da Rauda matar Kailani ta rasu, a tsakiyar Kwangila motar ta mutu da ita. Rana tana dukan likkafani, tireloli suna danna ham, 'yan acaba suna kewaye makarar kamar kayan gwari ne aka tsaya saukewa. Tun daga tarin farko Kailani ya san abin da ke damun motar, amma ko sifana babu a aljihunsa, mai makoki ne. Dattawa suka naɗe riguna suka tura. Shi ma ya tura, da kafaɗarsa, matarsa tana kwance a gaban idonsa.

Da aka tashi daga zaman makoki ya je ya karɓi makulli. Abin da ya ce wa kwamiti bai wuce magana ɗaya ba: motar nan ba za ta ƙara tsayawa da mamaci a hanya ba.

Mako uku ya yi a kanta. Ya sauke tanki ya wanke, abin da ya fito daga ciki ya yi kama da gasarar koko da ta kwana. Ya cire tsofaffin bututu da suka yi tsatsa ya ja sabon tiyo. Ya samo famfon lantarki ya ɗaura shi kusa da tanki, domin a cewarsa irin wannan famfo turawa ya iya, ba ja ba. A gabansa ya sa matatar tace mai, mai kwanon gilashi inda ruwa ke taruwa a ƙasa, mutum ya gani da idonsa ya zubar. A bayansa ya ƙara wata matatar. Ya ja waya daga batir, ya sa mata fis, ya naɗe ta da kyau kamar mai ɗaure karaya. Baba Sharfaddeen, wanda a lokacin ido ya fara barinsa, yakan zauna a kan benci yana shafa kayan da hannu.

"Kai Kailani, jirgin sama kake haɗawa?"

"Baba, motar da za ta kai ka ce, ka bar ni in gyara."

"Ja'iri. To idan ta kai ni, kai za ka shiga ramin ka karɓe ni. Ban yarda da hannun 'ya'yana ba, ko ƙusa ba su iya ɗaurewa."

Suka yi dariya, amma Kailani ya riƙe maganar.

Da aiki ya kammala ya kira Zulkiflu ya koya masa. Ka murɗa makulli ka dakata. Za ka ji ƙugi siriri daga baya. Idan ya yi kauri, mai ya isa inji, sai ka ba ta wuta. Shekara guda da watanni motar ta yi tana kai mutanenmu makwancinsu, damina da rani, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba.

Sai dai famfon a jikin ƙarfe yake ɗaure, daidai ƙarƙashin inda ake ajiye kan makara, kuma ƙarfe ba ya riƙe sirri. Masu zama a baya suna jin ƙugin yana ratsa tafin ƙafarsu. Wani ya ce kamar mamacin ne ke nishi. Wani tsoho ya ce bai dace a bi bawan Allah da gunaguni a kunne har kabari ba. Maganar ta zaga majalisu, ta je shagon Alhaji Nagoda, ta shiga gidaje, amma ba ta taɓa zuwa rumfar Kailani ba. Kara suka yi masa, wai kada a tayar masa da mikin matarsa. Suna gaishe shi safe da yamma, suna haɗa sahu da shi, babu wanda ya iya buɗe baki ya ce famfonka yana ƙara. Da ya tafi Dutsen Abba gyaran wata tarakta na kwana huɗu, Alhaji ya kira wani bakanike daga wata unguwa, aka datse wayoyin, aka kwance famfon, aka mayar da tsohon. Wannan ne suka kira kunya. Sun ji nauyin yi masa magana, ba su ji nauyin yanka aikin hannunsa a bayan idonsa ba.

Bayan kwana tara Baba Sharfaddeen ya rasu da hantsi. Aka sallace shi bayan azahar, Kailani ya hau bayan mota ya zauna a gefen makara. Zulkiflu ya murɗa makulli, ya ba ta wuta nan take. Kailani ya danna tafin ƙafarsa a kan ƙarfe, bai ji komai ba. Ya buga gilashin baya, direban ya ƙi waiwayowa. Gawa ba ta jira, motoci sun riga sun jeru, aka ɗauki hanya.

Sun wuce Kwangila kaɗan, a wata 'yar hawa, ta yi tari biyu.

Kailani ya dira, ya leƙa ƙarƙashin mota, ya ga wayoyinsa suna reto, an datse su kamar jelar ɓera.

"Zulkiflu, ina famfona?"

"Malam, wallahi ba ni ba ne. Alhaji ne ya ce..."

Alhaji Nagoda ya fito daga motarsa yana gyara babbar riga. "Malam Kailani, a yi haƙuri, nan ba wurin magana ba ne. Jama'a ne suka koka, yana damun mamata."

"Wane mamacin ne ya zo ya gaya maka? To ga ta nan ta yi shiru, Alhaji. Hankalinka ya kwanta? Tuɓe rigar ka zo ka tura."

Babu wanda ya taɓa jin muryar Kailani ta kai haka. Bai jira amsa ba. Ya tsallaka titi ya karɓo jarkar dizal wurin mai sayarwa, ya fizgo tiyo daga ƙarƙashin mota, ya zura baki ɗaya a jarkar, ya zuƙa da bakinsa har mai ya zo, ya haɗa ɗaya bakin da inji. Dabarar ita ce jarkar ta fi inji tsawo, mai ya gangaro da kansa. Babu igiya, babu lokacin nemanta. Ya hau baya, ya ɗora jarkar a kan rufin mota, ya rungume ta da hannu biyu, ya ce a tayar.

Haka aka tafi. Dattijo mai shekara sittin yana tsaye a kan malaminsa, kowane rami jarkar ta yi tsalle, dizal ya kwararo ta hannun rigarsa zuwa ƙirji. Ya riƙa karkata jikinsa yana tare man da cikinsa don kada ɗigo ya faɗa kan likkafani, kuma ko ɗaya bai faɗa ba.

A bakin kabari aka ce masu shiga su matso. Kailani ya taka gaba, sannan ya dubi kansa. Daga wuya zuwa gwiwa sharkaf yake da mai, yatsunsa sun ƙi miƙewa. Farin yadi ne za a miƙo masa. Ya ja da baya. 'Ya'yan Baba biyu da wani maƙwabci suka shiga, shi kuwa yana tsaye can gefe inda warinsa ba zai dami kowa ba.

Bai je gida ba. Ya wuce ɗakin ajiyar masallaci, ya tarar da famfon a cikin buhu, tsakanin tsintsiyoyi da fasassun butoci. Ya yanko roba daga tsohuwar taya, ya shimfiɗa ta tsakanin famfon da ƙarfe, ya ɗaure, ya haɗa wayoyin. Da aka idar da la'asar ya tare Alhaji Nagoda a gaban jama'a, ya kama hannunsa ya ɗora a bayan motar.

"Kana jin wani abu?"

"A'a."

"To a kunne yake. Aikin rabin sa'a ne, Alhaji. Rabin sa'a, da ka buɗe bakinka."

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Allah ya huci zuciyarka, Malam. Gudun ɓacin ranka muka yi."

"Baba ya ce ni zan karɓe shi," in ji Kailani. "Je ka gyara mini wannan."

Ya miƙa wa Zulkiflu makulli, ya kwashe kayan aikinsa, ya bi layi zuwa gida da rigar a jikinsa, mutane suna ba shi hanya.