Rifkatu da 'Ya'yanta na Kirsimeti

Shekara bakwai ke nan da rasuwar matata Rifkatu. Da damina ta rasu, amma har yau watan Disamba ne ya fi yi mini nauyi.

Mu mutanen kudancin Kaduna ne. Aikin koyarwa ya kawo ni Kazaure muna da ɗa guda, Dauda, ita kuma ta buɗe shagon ɗinki. Daga baya majami'armu ta fara turo matasa masu aikin bishara ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura. Yara ne ɗanyu, wasu ba su daɗe da gama makaranta ba. Suna kula da tsirarun Kiristocin da ke can, suna koyar da karatu, masu ɗan ilimin jinya suna duba marasa lafiya. Ba sa tafiya gida da Kirsimeti, domin ranar aka fi bukatarsu. Su jagoranci sujada da safe, sannan kowa ya koma ɗakinsa shi kaɗai.

Da Rifkatu ta gane haka, sai ta ce abinci ba zai wuce mata maƙogwaro ba alhali 'ya'yan mutane suna can suna jiƙa gari. Tun daga shekarar, da an tashi sujada za ka ga babura suna sauke su a ƙofarmu, fuska duk ta bushe da sanyin hanya. Maƙwabciyarmu Hajiya Binta ke ba mu aron manyan tukwane, kuma ita ake fara kai wa kwano kafin kowa ya ci. Rifkatu takan tambayi kowannensu tun da wuri abin da mahaifiyarsa ke dafawa a ranar. Ta haka ta koyi gwaten acca irin na mutanen Filato, ta koyi miyar da ban taɓa jin sunanta ba. Wani lokacin ba ta yi daidai, yaran su yi ta dariya, su kuma cinye tas.

Akwai Kirsimeti guda da ba na mantawa. A cikin yaran akwai Ladi, 'yar Filato, da ke zaune a wani ƙauye bayan Gwiwa. Ita ce mai ta da waƙa idan an taru. Da hantsin ranar yayanta ya kira Rifkatu a waya, ya ce mahaifiyarsu ta rasu da safen nan. Ya roƙa kada a gaya wa Ladi sai gobe, a bar ta ta yi bikinta.

Ni na goyi bayansa. Na ce yarinya ta sha hanya, a bar ta ta ci abinci ta yi dariya da 'yan'uwanta, baƙin cikin ai yana nan yana jiran ta. Rifkatu ta ci gaba da juya miya. Can ta ce, "Baban Dauda, idan na bar ta ta yi waƙa yau uwarta na kwance, duk shekara in ranar nan ta zagayo waƙar za ta riƙa tunawa. Ba zan yi mata haka ba."

Ladi ta iso da fara'arta, ta durƙusa ta gaishe ni, ta wuce kicin tana cewa, "Mama, na zo da yunwata." Rifkatu ta kama hannunta suka shiga ɗaki, ta turo ƙofa. Muna zaune a tsakar gida muka ji kukan.

Ranar ba a yi waƙa ba. Abinci ya huce a tukunya har la'asar. Hajiya Binta ta shigo da mayafinta ta zauna a tabarma ta yi gaisuwa, kamar yadda ake yi wa kowane maƙwabci. Washegari Rifkatu ta rufe shago a lokacin da ɗinki ya fi kawo ciniki, ta raka Ladi har garinsu, ta tsaya kusa da ita a bakin kabari. Da suka dawo Ladi ta koma ƙauyenta ta ci gaba da aiki. Ta taɓa ce mini da a ce an ɓoye mata, da ba ta sake taka gidanmu ba.

Hawan jini ne ya ɗauke Rifkatu, jinyar ba ta yi tsawo ba. Kirsimetin farko na yi niyyar kulle gida in tafi wurin Dauda a Kaduna. Sai ga Ladi, wadda a lokacin ta yi aure a Babura, da goyonta da buhun shinkafa a bayan babur. Ba ta tambaye ni izini ba. Ta hura wuta, yaran suka zo, muka ci muna kauce wa idon juna.

Nakan tambayi kaina abin da Rifkatu za ta ce da ta ga yadda abubuwa suka koma. Matasan da ake turowa sun ragu, iyaye suna tsoron hanya, kuma ban ga laifinsu ba. Waɗanda ke zuwa kowa da wayarsa, yana cin abinci da hannu ɗaya yana kallon fuskar mahaifiyarsa a ɗaya hannun. Da farko abin ya dame ni. Amma na lura idan an kashe wayar yaro yakan ƙura wa kwano ido, kewar ta ma fi ta da. Ina jin Rifkatu ba za ta yi faɗa ba. Karɓar wayar za ta yi ta gaisa da uwar, ta ce mata ta kwantar da hankalinta, ɗanta ya ci ya ƙoshi.

Rifkatu ba ta bar gini ba, ba ta bar fili ba. Keken ɗinkinta ma na ba wa wata marainiya. Da za a tambaye ni abin da ya saura nata, sai in ba da labarin bara. Wani sabon yaro da aka turo Roni ya sauka a tashar Kazaure bai san kowa ba. Ya ce wa mai babur gidan Mama Rifkatu zai je, aka kawo shi har ƙofa ba tare da wani kwatance ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya fito da kwalbar zuma daga jakarsa. Ya ce mahaifiyarsa ce ta aiko, domin tun a garinsu ta ji labarin matar da ke ciyar da yaran bishara a Kazaure, shi ya sa ma ta yarda ya taho.

"Baba, ina Mama take in gaishe ta?"

Babu wanda ya gaya masa, don duk masu ba da labarinta suna yi ne kamar tana nan. Na karɓi zumar da hannu biyu, na ce ya zauna. Sannan na zauna kusa da shi na gaya masa gaskiya.