Hoton da Baƙuwar Rasha Ta Ɗauka

Ina aikin gyaran ɗakuna a wani otal kusa da Harami na haɗu da ita. Umara ta zo daga Rasha, lauya ce, tana jin Larabci gwargwado. In na shiga canza zanen gado sai ta tsare ni da hira. Ta ce a garinsu sun buɗe gidan da matan da mazajensu ke duka suke fakewa, kuma suna haɗa kai da matan wasu ƙasashe. Ni dai ina ninke tawul ina kallon ƙofa, kada mushrifa, shugabar aikinmu, ta same ni a tsaye.

Bakina ne ya ja. Na ce mu ma matan unguwarmu ta Utaibiyya muna da zaman Juma'a, muna raka mai naƙuda asibiti, muna yi wa wadda ba ta jin Larabci tafinta. Ta ce sai ta zo ta gani.

Ta zo kuwa. Ta ci tuwo da hannu, ta ƙona yatsa, aka yi ta dariya. Da za ta tafi ta ɗaga waya ta ɗauke mu hoto. Babu wadda ta hana. Baƙuwa ce, ta ci abincinmu.

Sai da ta wuce na tuna maƙwabciyata ce a gaba-gaba a hoton. A Nakkasa aka haife ta, kuma tun da aka rushe unguwar ba ta da iƙama mai aiki, wato takardar izinin zama a ƙasar. Ko kantin bakin layi ba ta zuwa sai da niƙabi.

"Yaya, fuskarki fa tana wayar matar nan," na ce mata.

"Ke dai da tsoro aka haife ku tare. 'Yan jawazat masu kamen marasa takarda za su bi ni har Rasha ne?"

"In ta sa a shafin ƙungiyarsu fa?"

Ta ajiye kwanon da take wankewa.

Washegari ba hawan benen da baƙuwar take aka ba ni ba, kuma an hana mu buga wa baƙi ƙofa don maganar kanmu. Na ɗauki tawul biyu kamar an aike ni, ina hawa ina istigfari.

"Hajiya, hoton jiya," na ce da ta buɗe.

Ta yi murmushi ta nuna mini. Ta riga ta dushe fuskokinmu duka. "Haka muke yi, 'yar'uwa. Matanmu ma a ɓoye suke."

Na kusa tafiya. Sai na sake dubawa.

"Ga lambar gidan nan a bango, bayan kan maƙwabciyata."

Murmushin ya ɗauke. Ashe ta riga ta tura wa abokiyar aikinta a can. Ta kira ta nan take, tana magana da sauri da yarensu, ni ina tsaye. Ta goge nata a gabana. Na ce ta buɗe inda waya ke ajiye abin da aka goge, ta buɗe, ta sake gogewa. Ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri.

Da la'asar na sami maƙwabciyata a tsakar gida, da niƙabinta a fuska.

"Ta goge?"

"Ta goge, Yaya. Da idona na gani."

"Ta can fa?"

"Ta ce ta goge. Wannan kam ban gani ba."

Mako uku ta yi a gidan ƙanwarta a unguwar Tandabawi kafin ta yarda ta dawo.