Baba Akinola da Motar Hajiya Fatsuma

Kowace safiya, kafin masu shaguna a Dogarawa su gama buɗe ƙofa, Baba Akinola ya riga ya share garejinsa. Idan mota ta shigo, ba ya fara buɗe bonet. Durƙusawa yake ya shafa taya da tafin hannu, ciki da waje, sannan ya danna gefen motar ya saki, ya ga yadda za ta taso. Aikinsa ƙafar mota ne: sifirin, shokozoba da daidaita tayoyi. Bayarabe ne haifaffen Sabon Gari, Hausar bakinsa ta fi ta wasunmu. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki domin gwiwa ta ƙi, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani da idona.

Ina da maƙwabciya a Samaru, Hajiya Fatsuma. Mijinta, Malam Abdulrahim, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce a riƙa kai shi gashin ƙashi asibiti. Motarsu jif ce mai tudu, 'ya'ya duk suna nesa, ita kaɗai ke ciccibar sa har bayanta ya soma ciwo. Wani mai walda ya tausaya mata, ya yanke sifirin ɗin motar ta yi ƙasa. Shiga ta yi wa Malam sauƙi.

Sai dai motar ta canza hali. Wata rana a hanyar Basawa ta faɗa rami a kan kwana, sitiyari ya fizge daga hannun Hajiya, motar ta karkata gaban wata tifa. Allah ya tsare, amma kan Malam ya bugi gilashi. Daga ranar ya ƙi shiga mota. Gashi ya tsaya, hannun da ya fara motsi ya koma ya sandare.

Ni na raka ta wurin Baba. Ya shafa tayar gaba, ya ce, "Hajiya, taɓa nan. Ciki ya cinye, waje sabo ful. Da aka sauke ta, kan tayoyin ya kwanto ciki, ba sa taka ƙasa da dukkan faɗinsu. Shokozoba ya rasa wurin lotsawa. Sandar da ke juya taya ita ma ta karkace, shi ya sa ko wane rami yake juya miki sitiyari."

Ta ce, "Baba, in ka ɗaga ta, Malam ba zai iya shiga ba. In ka bar ta, ba zan iya tuƙa ta ba. Ya zan yi?"

Baba ya ce, "Ina son in ga Malam."

Washegari ya hau Keke Napep har Samaru. Ya sa Malam ya tsaya a jikin motar, ya duba inda ƙugunsa ya kai da iya inda ƙafar ke ɗagawa. Ya tafi Kaduna da kansa ya nemo gajeren sifirin da aka ƙera shi a haka, da shokozoba daidai da shi. Ya bar motar ƙasa da tsayinta na asali kaɗan, iya abin da ƙafarta za ta ɗauka, ya gyara zaman sandar, ya sake daidaita tayoyin. Sauran tudun kuwa, a kujerar Malam ya rage shi.

Saura Malam ya yarda. Baba ya riƙe hannunsa mai lafiya ya ce, "Malam, ni zan tuƙa. In ta yi gardama, ka sa a rufe garejina." Ni da Hajiya muna zaune a baya muka bi hanyar Basawa, muka shiga kwanar nan a hankali. Motar ta bi ta sumul. Da nauyin harshe Malam ya ce, "Ƙara wuta mana." Hajiya ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

Malam ya koma gashi. Yau da sanda yake takawa masallaci.

Baba Akinola, likitan ƙafar mota, kai ne ka fahimci ba tsayin mota ne ya kawo Hajiya wurinka ba, mijinta take son ya tashi. Kai ne ka bar gareji ka je ka auna mutum kafin ka taɓa ƙarfe. Mun gode. Allah ya ba gwiwarka sauƙi, ya sa ka huta lafiya.

Ku kuma masu gyara da za ku gaje shi, kafin ku ɗauki zarto ku yanke sifirin, ku tambayi mai mota wa yake ɗauka a ciki.